Yadda Ake Rage Wuƙaƙen Aljihu Daga 17 Zuwa 4

Kaftani yana da aljihu uku, biyu a gefe, ɗaya a ƙirji. Na ƙirji na biro ne da tabarau da katin shaida. Na hagu waya ta riga ta mallake shi, kuma duk wanda ya taɓa haɗa waya da ƙarfe a aljihu guda ya san kuɗin gilashi a wurin masu gyara. Saura na dama. Wannan aljihu shi ne iyakar filin da wuƙa take da shi a rayuwar magidanci a Gwadabawa ta Jimeta, a cikinsa ma zaman haya take yi tare da makullin mashin da carbi. Saboda haka mutumin da ya buɗe akwatinsa ya ƙirga wuƙaƙe masu naɗewa 17, kamar yadda na ƙirga nawa a ƙarshen damina, yana da aiki a gabansa, kuma aikin yana da ƙa'ida.

A fara da sanin irin wuƙar da ake magana. Ba barhon mahauci ba ne, ba askar wanzami ba ce, ba kuma wuƙar kube da makiyayi yake ɗaurawa a jikinsa ba. Wannan ruwanta komawa yake cikin ƙota ya kwanta, ƙotar ita ce kubenta. A cikin irinta akwai wadda ake samu a tiren mai koli a kasuwar Jimeta, akwai kuma wadda kuɗinta ya fi na ragon layya. Misali Sebenza. Wani maƙeri ɗan Durban ta Afirka ta Kudu, Chris Reeve, shi ya fitar da ita a 1987, ya raɗa mata suna da kalmar Zulu mai nufin aiki, a 1989 kuma ya kwashe maƙerarsa ya koma Boise a jihar Idaho ta Amurka. Ƙotarta taitaniyam ce, kuma wani ɓangare na ƙotar ne yake lanƙwasowa ya tokare ruwan idan an buɗe, babu wani makulli na daban. Sabuwarta tana haura dala 400. A farkon 2024 dala ta wuce naira 1,500, wato ana maganar abin da ya fi naira 600,000, albashin wata takwas da ɗoriya na mai karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000. Wanda ya ajiye irin wannan dukiya a akwati tana kwana tana tashi ba ta yanka ko zare ba, ya tauye mata haƙƙi, ya tauye wa kansa.

Ba a yin aikin da dare. A ƙarƙashin tocila kowace wuƙa kyakkyawa ce. Lokacin da ya dace shi ne bayan la'asar, a zaure, a kan tabarma, an tura yara wurin Goggo. A jera su a rufe. Kada a buɗe ko ɗaya sai an zo kanta, domin ƙarar da makulli mai kyau yake yi idan ya kama tana sauya wa mutum hukunci, kuma na ga wanda ya zauna da niyyar rage goma ya tashi yana tambayar inda zai samu ta sha takwas.

Tagwaye su ne farkon fita, kuma ba su da wahala. Ina da Opinel lamba 8 guda uku da Spyderco biyu da launin ƙota kaɗai ya bambanta su. Hannun dama ɗaya ne. Uku suka fita, saura 14. Jabu suka biyo baya, guda biyu. Sebenza ta gaskiya tana zuwa da kati mai ɗauke da ranar da aka ƙera ta, masu ita suna kiransa takardar haihuwa, kuma a nan ne masu kwaikwayo suke yawan tuntuɓe. Kada dai a ɗauka duk abin da ya fito daga Sin jabu ne. A birnin Yangjiang akwai masana'antu masu sa sunansu a kan wuƙarsu, kuma aikinsu yana da kyau ƙwarai. Aibin jabu shi ne sunan wani da ta ara, da makullin da ba a san ranar da zai saki a kan yatsa ba. Saura 12.

Daga nan a tashi tsaye, domin gwajin nauyi ba a yin sa a zaune. A sa kaftani, a jefa wuƙa a aljihun dama, a taka daga zaure zuwa bakin titi a dawo, sannan a sunkuya kamar mai ruku'u. Buck 110, wadda ta shiga kasuwa a 1964, wuƙa ce mai daraja, da tagulla a kai da gindi, amma nauyinta ya kusa giram 200, kuma an yi ta ne don kuben fata a jikin bel na maharbin Amurka. A aljihun kaftani tana janye wuyan riga ya karkace zuwa dama, mutum yana tafe kamar wanda tela ya yi wa awo yana jingine. A ruku'u tana lilo, a sujada tana riga goshi isa ƙasa. Ta fita, ita da wata ƙanwarta a nauyi. Akwai kuma maganar ɗan maƙalin ƙarfen nan da ke jikin ƙota, wanda Sal Glesser na kamfanin Spyderco ya fara sa wa wuƙa a 1981 tare da hudar da ake tura ruwa da babban yatsa. Don bakin aljihun wandon jins aka yi shi. Shadda ba ta jure shi, yana tsinke mata zare, cikin wata biyu bakin aljihu ya yi gashi. Wannan ba dalilin korar wuƙa ba ne, a kwance noti a cire maƙalin a adana shi a ambulan. Saura 10.

Yanzu aka zo inda ƙasa take yanke hukunci da kanta. Masu ƙera wuƙaƙen zamani sun ƙware wajen sa ƙananan boris a gaɓar da ruwa yake juyawa, ta yadda da ɗan taɓi ɗaya wuƙa za ta buɗe sumul kamar an zuba mata mai. Haka take a Idaho, haka take a kwali. A Jimeta daga Disamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu tana shiga inda ruwa ma ba ya shiga. Tana haɗuwa da giris da zaren aljihu ta zama wani kunu mai yashi, boris ɗin su riƙa gurzarsa, sai ka ji wuƙar dala 300 tana ƙara irin ta ƙofar langa-langa. Ana iya kwancewa a wanke, amma duk wanda ya taɓa neman ƙwayar boris mai girman ƙwayar gero a kan tabarma bayan an ɗauke wuta ya san abin da nake nufi. Wuƙar da gaɓarta take kan washa, wato 'yan faifan tagulla guda biyu, ba ta da wannan ciwo. Sebenza irin wannan ce, har da ɗan makullin kwance ta ake haɗowa a kwali, domin mai ita ya wanke ta da hannunsa. Masu boris uku suka fita. Na ji fitarsu, musamman guda mai shuɗiyar ƙota, amma hunturu ba zai fasa zuwa ba. Saura 7.

Damina tana da nata hukunci, sai dai ya fi sauƙi. Garin da yake kwance a bakin Binuwai, ga tafkin Geriyo a gefe, iskarsa a Agusta da Satumba jiƙaƙƙiya ce, ga gumin aljihu. Ƙarfen da bai da kuromiyam da yawa yana yin tsatsa cikin kwana biyu idan an yanka lemo ba a goge ba. Opinel, wadda Joseph Opinel ya fara ƙerawa a 1890 a yankin Savoie na Faransa, tana da wata ɗabi'a ta daban: ƙotarta itace ce, idan ta sha laima sai ta kumbura ta riƙe ruwan gam. Mutanen can suna da magani, a riƙe ta a juye a buga ƙarshen ƙotar a kan tebur, ruwan ya ɗan leƙo a kama shi. Wuƙar da ciwonta yake da magani irin wannan ba a korar ta. A shafa mata ɗan man gyaɗa a gaɓa, a daina barin ta kusa da randa.

Maganar wasawa ita ce ta fi kowace muhimmanci, kuma ita ce masu tara wuƙa suka fi gudu. Ƙarfen wuƙa mai tsada ana cakuɗa shi da banadiyam don kaifi ya daɗe. S30V, wanda kamfanin Crucible na Amurka ya fitar a 2001 tare da shawarar shi Chris Reeve, yana da kashi 4 cikin 100 na banadiyam. S90V yana da kashi 9. Abin da ba a faɗa wa mai saye shi ne, ƙwayoyin da banadiyam yake haifarwa a cikin ƙarfe sun fi dutsen wasa wuƙa na gida tauri. Za ka zauna da dutsen da ake wasa wuƙar girki, ka goga har sallar magariba, dutsen ya rame, wuƙar tana nan yadda take. Sai da faranti mai ƙurar daimon take jin magana, shi kuma sai an yi odarsa. Idan ka gaji ka miƙa wa mai wasa wuƙa da injin, nan ne asarar take. Dutsen injin yana gudu a bushe, bakin wuƙa ya yi zafi har ya sauya launi zuwa shuɗi, taurin da aka ba ƙarfen a wuta ya tafi, kuma ba ya dawowa. Ba laifin mai injin ba ne. Adda da gatari da wuƙar girki ya saba da su, kuma a kansu gwani ne. Ƙa'idar a nan ita ce, wuƙar da ba za ka iya mayar mata da kaifi da hannunka tsakanin la'asar da magariba ba, ba taka ba ce, ajiya kake yi wa wani. Guda biyu suka fita a kan wannan. Saura 5.

A nan zan ɗan ratse, domin akwai kuskuren da nake ji a bakin mutane, cewa ai a ajiye babba saboda layya. Wuƙa mai naɗewa ba ta yanka rago. Ruwanta gajere ne, na Opinel lamba 8 santimita 8.5 ne kacal, kuma addini ya yi umarni a kaifafa wuƙa a hutar da dabba, abin da yake buƙatar dogon ruwa da zai wuce a ja ɗaya. Ko a fiɗa ma, jini da kitse suna shiga gaɓa su daskare, bayan kwana uku ƙuda ne zai nuna maka aljihun da take. Wannan babban aiki na wuƙar maƙera ne, wadda aka buga daga tsohon sifirin mota, aka sa mata ƙotar itace da kuben fata. A ranar Babbar Sallah duk wuƙaƙen Idaho da Faransa sai su koma gefe su ba ta wuri, kuma daidai ne.

Ta biyar ta fita ne saboda kamanninta. Baƙa ce ƙirin, ruwa da ƙota, mai tsini kamar mashi, kuma da an taɓa ta sai ta yi tsalle ta buɗe da ƙara. Aikinta ba shi da aibi. Amma a garin da 'yan Shila suka addabi jama'a da ƙwacen waya da wuƙa, a jihar da tun shekarun rikicin Boko Haram ake laluben mutum a ƙofar kasuwa da shingayen hanyar Mubi da ta Numan, dole mai wuƙa ya tambayi kansa: idan jami'i ya zaro wannan daga aljihuna, kalma nawa zan buƙata kafin ya mayar mini? Idan amsar ta wuce jumla ɗaya, wuƙar ta zaman gida ce, kuma wuƙar aljihu da ba ta fita ta rasa sunanta. Jar Victorinox ba ta buƙatar ko jumlar. Tun 1884 Karl Elsener ya kafa maƙerarsa a Ibach ta ƙasar Suwizalan, kuma gicciyen da ke jikin ƙotar daga tutar ƙasarsu yake. Kowa ya gan ta ya ga almakashi da abin buɗe gwangwani da ɗan tsinken sakace, ya san ta mai gyaran filogi ce. A zaɓi samfurin Tinker mai sukundireba, a bar Spartan mai murɗaɗɗen ƙarfen buɗe kwalbar giya, wanda a gidajenmu ba shi da aiki sai kwance ƙullin igiyar guga. Filin jirgin sama na Yola kuwa ba ya bambanta ja da baƙa, kowace sai a jakar da za a auna.

Huɗu suka rage: Sebenza, Victorinox, Opinel, da wata tsohuwar Okapi. Mai karatu zai iya cewa tunda aljihu ɗaya ne, me ya hana a kai ga ɗaya? Abin da ya hana shi ne aro.

Duk wanda aka san yana da wuƙa a unguwa, za a zo aro, kuma ba a hana maƙwabci wuƙa. Wata ranar Asabar wani yayana ya leƙo zaure ya ce, "Ba ni 'yar wuƙar nan taka minti biyu." Na ce, "Hamma, me za a yanka?" Ya ce, "Ba komai, ɗan abu ne." Na ba shi wata mai tsada da take hannuna. Ɗan abun gwangwanin tumatir ne, bayansa kuma notin fanka. Ta dawo ba tsini. Hamma bai yi don mugunta ba, a wurinsa wuƙa ƙarfe ce mai baki, kuma yawancin mutanen duniya a kan wannan fahimta suke. Ƙarfe mai tauri sosai ba ya lanƙwasa, karyewa yake. Saboda haka duk mai wuƙa mai daraja wajibi ne ya ajiye wata ta aro, mai kaifi da ba za a ji kunyar miƙa ta ba, mai arha da ba za a riƙe ɗan'uwa a zuci saboda ita ba. Wannan shi ne matsayin Opinel, kuma matsayi ne mai girma, domin ita take tsare zumunci. Zoben da ake murɗawa ya kulle ruwanta, wanda aka ƙara mata a 1955, yana tsare yatsun mai aro. A koya masa murɗa shi kafin ya fita zaure.

Saura tambayar da ta fi nauyi: ina za a kai 13 da suka fita? Jabun biyu na karya ruwansu na ba masu gwangwan, domin makullin da ban amince wa yatsana da shi ba, ba zan ba yatsan wani ba. Sayarwa a Jimeta sai an yi haƙuri. Dillali zai juya wuƙar taitaniyam a hannu, ya gwada ta a gashin damtsensa, ya yaba, sannan ya taya ta da kuɗin wuƙar yanka albasa ya ƙara ɗan ihsani saboda kyan ƙota. Ba wulaƙanci yake nufi ba, kasuwarsa ce ba ta da mai saye. Masu sanin kuɗinta suna Abuja da Legas da Kano, kuma su ma kwali da kati suke fara tambaya, don haka wanda ya ba yara kwalin suka yi mota da shi ya rage wa kansa kuɗi masu yawa. Guda biyar na sayar ta wannan hanya, cikin wata huɗu.

Kyauta ta fi sauri, amma tana son tunani. Ba a ba matashi, ko ɗanka ne, sai ya kama sana'ar da take buƙatarta. A duba masu yanka abu kullum: baduku, mai gyaran wuta, manomin da ke ɗaure buhu a fadamar Geriyo, mai ɗaurin kaya a tasha. Buck ta tafi wurin wani kawuna mai kiwo a hanyar Girei, wanda yake sa bel kuma yake da igiyoyin yankawa, nauyin da ya dame ni shi a wurinsa alamar ƙarko ce. A Faransa da Ingila akwai al'adar wanda aka ba wuƙa ya mayar da ɗan tsaba, wai don kada ta yanke abota. Mu ba mu da wannan camfi a gidanmu, Kawu addu'a ya yi mini, ya kuma aiko da kindirmo.

Opinel biyun da suka fita tun farko ba su bar dangi ba. Uwargida ta ɗauki ɗaya ta gwada a kan kuɓewa ta ce, "Maigida, wannan siririn bakin ai shi ake nema, me ya sa take kwance a akwati?" Ya kamata a saurari irin wannan shaida. Abin da take yankawa daga safe zuwa azahar ya fi abin da nake yankawa a wata, kuma ta gano da hannunta abin da masu ƙera wuƙa suka sani, cewa siririn ruwa ya fi kauri wucewa cikin abu ko da ƙarfensa bai kai tsada ba. Ɗayar tana wurin Adda, yayata, a Yelwa.

Akwai takarda da ya kamata a rubuta a ranar, kafin a naɗe tabarma. A rubuta sunan kowace wuƙa da ta rage da kimar kuɗinta, a sa a cikin akwatin. Wuƙar da mutum yake amfani da ita ba ta da zakka, sai idan ya mayar da ita hajar ciniki, amma tana shiga gado kamar kowace dukiya. Ranar da masu rabo suka zauna, idan babu takarda, za su ga ƙananan wuƙaƙe huɗu su yi musu kuɗi ɗaya, wani magaji ya tafi da ta naira 600,000 a matsayin tarkace, wani ya tafi da ta aro, kuma an zalunci wani ba da sanin kowa ba. Wanda yake son wata ta je hannun aboki ko almajirinsa, wasiyya tana da hurumi har zuwa sulusin dukiya, sai ya rubuta.

Yadda huɗun suke zaune yanzu: Sebenza tana aljihun dama ranakun aiki, ba maƙali, ina kwance ta in wanke sau biyu a hunturu. Victorinox tana karɓar aljihun ranar tafiya da ranar shiga kasuwa. Opinel tana kan tagar zaure inda hannu zai kai idan an yi sallama.

Okapi ba ta ci ko ɗaya daga gwajin nan ba. Irinta an fara ƙera su a Solingen ta Jamus a 1902 don kasuwannin Afirka, a 1988 aikin ya koma Afirka ta Kudu. Ƙarfenta mai tsatsa ne, kaifinta ba ya kwana biyu, zoben da ake ja a saki makullinta ya yi sako-sako. Tawa ta Jamus ce, ta mahaifina. Da ita yake fere mana rake a ƙofar gida, yana yanka shi gaɓa-gaɓa yana miƙa wa ƙarami kafin babba, kuma wasawar shekaru ta cinye ruwan har ya yi ciki kamar lauje. Ban sa ta a layin tabarma ba tun farko, a cinyata take har aka gama. Ina shafa mata mai sau biyu a shekara, farkon damina da ƙarshenta, in naɗe ta a ƙyallen tsohon rawaninsa. A takardar akwati, a gaban sunanta, na rubuta kuɗinta na gaskiya, wanda bai kai na buhun gawayi ba, na kuma rubuta wanda ya fere rake da ita.